Bisimillar da Na Ɗora wa Takardar Gwamnati

A shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano, sana'ata rubuta wasiƙu ce da ajami a zauren wani fatoma a Fagge. Ita ta zo ne a farkon shekara, ta tafi, aka kwashe tutocin da aka kakkafa a titi. Abin da zan faɗa kuwa sai da kaka ya faru, lokacin da motocin gyaɗa suka fara jeruwa a bakin tashar jirgin ƙasa.

Fatoman nan Alhaji kawai muke ce masa, don a layinmu in aka ce Alhaji ba a tambayar wanne. Da ƙafa ya je Makka tun yana saurayi, ya yi shekaru a Sudan yana noman auduga don ya sami guzuri, sannan ya dawo ya buɗe masauki. Fatake daga Agadas da Damagaram da Barno a gidansa suke sauka, shi ke ajiye musu kaya, shi ke tsaya musu a ciniki. Shi ya ba ni kusurwar zaurensa ta dama, inda haske ke shigowa da safe, ya ce in shimfiɗa buzuna. Ba wasiƙa kaɗai nake yi ba. In za a ba da ajiya, ko a sayar da gida, ko dattijo ya ji jikinsa ya yi nauyi yana son barin wasiyya, sai Alhaji ya ce, "A kira Malam ya shaida." Wannan kalma ta fi mini duk abin da ake jefa mini a gafaka. Waɗanda ba su iya karatu ba ma sun san hannuna, kamar yadda ake gane muryar mutum ta bayan katanga.

Malamin da ya koya mini riƙon alƙalami, Allah ya jiƙansa, bai taɓa barin in fara layi ba sai na ɗora bisimilla a sama, ko da wasiƙar cigiyar jaki ce. Hannuna ya saba har ba ya jiran shawarata. Da na tsoma alƙalami a tawada, ita ce ke fara fitowa.

Akwai abu ɗaya da ban iya ba. Gidan waya ba sa karanta ajami a bayan ambulan, sai boko. Ta nan na haɗu da Akawu. Bazazzagi ne, Kirista, daga wani ƙauye kusa da Zariya, yana aiki a wani ofishin gwamnati da ke buga takardun sanarwa, gidansa a Sabon Gari. In an tashi daga aiki sai ya biyo ta Fagge a kan kekensa, ya jingine shi a bango, ya zauna ya rubuta mini adireshi a ambulan ɗin da suka taru. Ni kuma ina rubuta masa wasiƙa zuwa ga kawunsa na ƙauye, wanda ajami kawai yake karantawa. Ba mu taɓa karɓar komai daga juna ba. Tsakanin Bakano da Bazazzagi kuwa an san akwai wasa tun na kakanni, mu ma muka gaje shi.

Tun daga bakin ƙofa zai fara, "Ina bawan nan nawa? Ya wanke ambulan ɗin, ko sai na zo da bulala?"

"Shigo, Bazazzagi, amma ka karkaɗe ƙafa. Nan birni ne, ba gonar doya ba."

"Birni? Fagge? Ku da ko ganuwa ba ta yarda ta kewaye ku ba!"

Alhaji ya yi ta dariya har rawaninsa na rawa. Ko rikicin da aka yi tsakanin Fagge da Sabon Gari 'yan shekaru kafin nan, wanda ya sa maƙwabta da yawa suka daina gaisawa, bai hana Akawu zuwa ba. Da aka buɗe hanya shi ne mutum na farko da ya tsallako daga can ya yi mana jaje.

Tun da damina ake ta maganar Masar a zauren. Shugabansu, wani soja, ya karɓe mashigin ruwan da jiragen Turawa ke bi, ya ce a ƙasarsu yake, don haka nasu ne. Fagge kuwa ba ta rasa Larabawa da 'yan Sudan, kowa da abin da ya jiyo. Da kaka ta yi sai labari ya zo cewa sojojin Isra'ila sun shiga ƙasar, Ingila da Faransa kuma sun ce za su shiga tsakani. Mutane suka fara taruwa ƙungiya-ƙungiya a bakin masallatai.

Ana cikin haka Akawu ya zo mini da safe, lokacin da ya kamata a ce yana ofis. Bai kira ni bawa ba. Ya zaro wata takarda mai santsi kamar an shafa mata kaki, da alƙalamin ƙarfe mai tsini, ya ce in aka yi rubutu a kanta aka ɗaura a inji, sai ta haifi ɗaruruwa, kowace da hannun wanda ya rubuta, ba ragi. Ya ce Baturen ofishinsu na son a yi wa jama'a bayani da ajami, don jita-jita ta yi yawa. Ya karanta mini daga takardarsa ta boko. Gwamnatin Ingila ba ta yaƙi da Musulmi, ba ta yaƙi da mutanen Masar. Ta je ne ta raba faɗa, yadda dattijo ke shiga tsakanin matasa biyu. Tana son mashigin ya zauna a buɗe don jiragen kaya da na alhazai. Ba ta da niyyar sauke kowa daga kujerarsa, da zarar an yi sulhu za ta koma gida.

Na ce, "Ka san ban iya Turanci ba. Kai ne idona a wancan ofis. Maganar nan gaskiya ce?"

Ya ce, "Malam, daga Kaduna ta zo, su ma daga Landan aka aiko musu. Gwamnati ba ta wasa da irin wannan."

"Ba gwamnati na tambaya ba. Kai na tambaya."

Ya dubi keken da ke jingine, ya dube ni, ya ce, "Gaskiya ce."

Na ɗauki alƙalamin ƙarfen. Ya yi mini tauri a hannu, amma hannu ya yi abin da ya saba, bisimilla ta fito a sama, doguwa, da jan nan da nake yi mata. Akawu na kallo. Na rubuta sauran, ya naɗe, ya tafi. An biya ni ladan aikin, ba na ɓoyewa, kuma na ci.

Ran Juma'a takardar ta cika gari. An liƙa a bakin kasuwa, an raba a tashar mota, an miƙa wa masu unguwanni. Takardun gwamnati na boko an saba ganinsu a ƙasa, akan ƙunsa goro da su. Wannan kuwa da hannu biyu ake karɓarta. Na ga wani dattijo ya sumbace ta ya cusa cikin hula. Bayan an sakko daga masallaci mutane suka cika ƙofar Alhaji suka ce tunda hannuna ne, in karanta da bakina. Na miƙe na karanta.

Da na zo wajen jiragen alhazai, Alhaji ya ɗaga hannu.

"Malam, dakata. Ni dai na je Makka. Daga nan Barno, daga Barno Sudan, daga Sudan muka tsallaka teku. Ban ga wannan mashigi a hanya ba. Alhazan wane gari ne ke bi ta can?"

Wani ya ce ƙila na ƙasashen Larabawan Magrib ne. Wani ya ce tun yaushe Nasara ya fara damuwa da hajjinmu. Aka ɗan yi hayaniya. Alhaji bai kula su ba, ni yake kallo.

"Ni ba na karanta zuciyar Bature. Hannunka na sani. Ka tsaya a kan takardar nan?"

Na tuna fuskar Akawu. Na ce, "Wanda ya kawo mini ita ba ya yi mini ƙarya. Na tsaya."

Alhaji ya ce, "To, shi ke nan. Malam ya shaida. Kowa ya tafi harkarsa." Mutane suka watse. Samarin da suka shirya zuwa jifan kantunan Turawa ma suka fasa, wannan kam har yau ina gode wa Allah a kansa.

A bakin kasuwar Sabon Gari akwai wani Bayarabe Musulmi mai sayar da atamfa, muna ce masa Baba Mai Atamfa. A nan aka haifi 'ya'yansa duka, Hausarsa ta fi ta wasu Kanawa. Yana da babbar rediyo mai batir wadda ke kamo ƙasashen nesa, ba irin akwatin nan na gwamnati da ake jawo wa waya ba, mai tasha ɗaya. Kwanaki kaɗan bayan Juma'ar nan ya aiko a kira ni bayan la'asar, don na san Larabci. Alhaji ya ce zai raka ni. Muka tarar da rumfar cike, har kan dilolin atamfa an zauna.

Baba ya ce, "Malam, tashar Alƙahira ta yi shiru, an ce bom aka jefa mata. Amma ga wata nan kusa da ita tana ta surutu da Larabci, mun kasa gane ta wace ce. Zo ka fassara mana, kai da ka ci tawada."

Ya murɗa. Muryar namiji ce, Larabci mai kyau, a tsanake. Ta faɗi da bakinta cewa muryar Ingila ce. Da mutanen Masar take magana. Na kasa kunne. Tana ce musu shugabansu ne ya jawo musu wannan wuta, sun yi kuskure da suka bi shi, ba za su ga sauƙi ba muddin yana kan kujera, su tashi su rabu da shi. Babu maganar raba faɗa. Babu jirgin alhazai.

"Me yake cewa?" in ji Baba.

Na ji ana taɓa ni ta baya. "Malam, fassara mana!"

Da Alhaji ba ya wurin, Allah ya sani ko da na ce ban ji sosai ba, iska ta yi yawa. Amma Alhaji ya yi shekaru a Sudan, Larabcinsa na kasuwa ne amma ya ishe shi. Yana zaune a kan dila, ya ɗora haɓa a kan sandarsa, yana jirana. Sai na fassara. Da bakin nan da ya ce "na tsaya" na gaya musu, jimla bayan jimla, cewa gwamnatin da ta ce mana da Hausa ba ta da niyyar sauke kowa, ita ce ke cewa da Larabci a sauke shi ko a ci gaba da shan bom.

Wani saurayi mai ɗinki ya ce, "To Malam, wacce za mu ɗauka? Ta Juma'a ko ta yau?" Aka yi wata irin dariya marar daɗi. Baba ya daka masa tsawa, ya kashe rediyon.

A hanyar komawa muka tsallaka titi muka shiga Fagge. Sannan Alhaji ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ina yaro lokacin da Turawa suka fasa ganuwa suka shigo. Na ji tafintansu da kunnena a kasuwa. Ya ce ba da talakawa suke ba, da sarki suke, don yana zalunci. Ƙila ma yana yi. Sarkin ya tafi. Ka ga sun tafi?" Ya ɗan tako kaɗan, ya ƙara, "In mutum zai cire wani daga kujera, ni ba laifin na kan kujerar nake fara tambaya ba. Abin da ke ƙarƙashin kujerar nake leƙawa. Can ruwa ne, nan gyaɗa ce."

Ni ban taɓa cewa shugaban Masar waliyyi ne ba. Mun ji daga baya cewa ya ɗaure malamai, ya rufe bakin masu magana. In don haka aka je, me ya hana a faɗa? Abin da ya fi ci mini rai shi ne sun tanadi magana biyu, ɗaya don waɗanda za a jefa wa bom, ɗaya don mu da ake so mu zauna shiru, kuma tamu a hannuna aka zuba ta.

Washegari takardun suka fara dawowa. Da ta boko ce da an yayyaga an tattake, an huce. Wannan ba mai iya yaga ta, ba mai iya jefa ta a juji, don sunan Allah na samanta. Mutum ya ji haushinta amma dole ya riƙe ta da ladabi. Sai kowa ya ga wanda ya rubuta shi ya san yadda zai yi da ita. A zo a yi sallama, a ajiye a gefen buzuna, a juya. Dattijon nan da ya sumbace ta ya zaro ta daga hula, ta jiƙe da gumi, ya ce, "Ga sunan Allah da ka ara wa Nasara. Sun gama da shi." Kafin mako ya ƙare tarin ya kai tsayin gwiwa.

A Sabon Gari kuwa, inda da yawa ba su san abin da ke rubuce ba, na tarar da ita an ƙunsa ƙosai, na tarar da ita a kwata. Na yi kwanaki ina yawo da buhu bayan sallar asuba ina tsincewa, ina wankewa, ina shanyawa a kan rufin ɗakina. Matata ta ce mutane za su ce na taɓu. Na ce su faɗa.

Alhaji bai kore ni daga zaure ba. Da ma ya kore ni. Wata rana wani Ba'agade zai bar ajiyar fatu, ina zaune taku uku daga wurin, alƙalami a hannu. Alhaji ya kira ɗansa ya ce, "Je ka kira limamin layin baya ya shaida." Ba wanda ya dube ni. Na ci gaba da fiƙe alƙalamin da ba ya bukatar fiƙa.

Akawu kuwa tun ranar da ya karɓi takardar bai sake biyowa ba. Ambulan suka taru ba adireshi. Ran Lahadi na jira sai da na tabbata sun taso daga coci, na je gidansa. Matarsa ta kawo mini ruwa a kwano mai murfi, ta gaishe ni har ƙasa, ta kwashe yara ta shiga ciki. Muka zauna a inuwar mangwaro.

Na ce, "Ka sani?"

Ya daɗe yana murza hularsa. "Malam, ni ƙaramin akawu ne. Ba a gaya mini abin da ake yi a Landan."

"Ka sani?"

"Tun da damina nake jin Baturen da abokansa in sun zauna shan shayi. Kullum maganarsu ɗaya, sai an kawar da mutumin nan, in ba haka ba kowane baƙin mutum zai koyi ƙwace. Da takardar ta zo na ga ba haka ta ce ba. Na ce a raina ƙila manya sun sake shawara."

"Maganar alhazai fa?"

"A ofishinmu aka ƙara. Ya ce za ta shiga kunnen mutanen nan."

"Wa ya ce a zo wurina?"

Nan ya sunkuyar da kai. Ya ce Baturen ya daɗe yana ƙorafin takardunsu a kwata suke ƙarewa. Shi ne, don a yaba masa, ya ce ai akwai irin takardar da Bakano ba ya jefarwa, kuma ya san malamin da in ya rubuta ba a musu. Baturen ya tambaya ko malamin zai yarda ya sa kalmomin nan na addini a sama. Shi kuma ya ce ba sai an roƙe shi ba, hannunsa ne zai sa da kansa.

Shekarun da ya yi yana zama a gefena, yana kallon yadda nake fara kowace wasiƙa, ashe abin da ya koya ke nan.

Na ce abu biyu nake bin sa. Ya zo zauren Alhaji ya faɗi abin da ya faɗa mini yanzu a gaban waɗanda na ce wa na tsaya. Sannan ya kawo mini ragowar takardun da ke ofis, da uwar tasu mai kaki, in binne su yadda ya kamata.

Ya ce, "Malam, kayan gwamnati ne, a ƙirge suke a sito. In na yi magana a Fagge da safe, kafin azahar ta isa ofis. Yarana huɗu a makaranta. Saura 'yan shekaru in sami fansho. Ka yi mini haƙuri zuwa wani lokaci."

Na ce, "Ni ma da yara." Na miƙe. Ruwan da matarsa ta kawo ban sha ba, wannan kuwa ya dame ni daga baya, don ita ba ta yi mini komai ba.

Yaƙin bai daɗe ba. Duniya ta yi musu ca, suka janye. Wanda aka je saukewa yana nan daram, shugaban gwamnatin Ingila da ya aika a sauke shi, shi ne muka ji ya sauka. A Fagge aka yi ta murna, amma murnar ba ta dawo mini da komai ba. Ba wanda ya zo daga ofis ya ce takardar da muka raba muku ba daidai ba ce. Baturen ma aka yi masa canjin wuri, aka ce ƙarin girma ne. Na ci gaba da rubuta wasiƙu ga baƙin da ba su san labari ba, wani ɗan makaranta na yi mini adireshi. In na hango keken Akawu a titi sai in shiga lungu, ina jin shi ma haka yake yi.

Da damina ta biyu bayan nan Alhaji ya kwanta ciwo. Na je gaishe shi kullum, yana amsawa da fara'a, yana tambayar iyalina. Ranar da ya ji jikinsa ya yi nauyi ya ce a kira masu shaida zai yi wasiyya, ina tsakar gidan. Aka wuce ni aka kira wasu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni na yi masa wanka tare da liman, wannan ɗansa ne ya roƙe ni. Amma ya tafi yana riƙe da abin da ya riƙe a kaina.

A shekarar da Arewa ta karɓi mulkin kanta, wata ranar Asabar da hantsi, ina zaune a kusurwata, ɗan Alhaji da ya gaji masaukin yana lissafi da wasu fatake, dattawan layi na hira a dakali, sai na ji ƙarar keke ana turo shi. Akawu ne. Ya rame, gashinsa ya yi fari. Bai hau keken ba don an ɗaure masa ƙunshi biyu manya a baya, an rufe da tsumma mai tsabta. Ya jingine, ya cire takalmi, ya yi sallama, ya tsaya a tsaye.

Ya ce da ɗan Alhaji, "Ranka ya daɗe, ina da magana, ina so dattawan nan su ji."

Ya faɗa duka. Bai rage maganar shayi ba, bai rage maganar alhazai ba, bai rage cewa shi ya nuna wa Bature hannuna ba. Ya ce Malam ya tambaye shi sau biyu, shi ya ce gaskiya ce alhali zuciyarsa na shakka. Bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe.

Mai ɗinkin nan na rumfar Baba, wanda yanzu ya buɗe shago a layinmu, ya ce, "Sai yau? Da Turawan suna ɗaure kaya?"

Akawu ya ce, "Sai yau. Ban da abin cewa a kan wannan."

Wani dattijo ya ce, "Wanda ya kamata ya ji yana maƙabarta."

"Na sani, Baba. Na zo jana'izar, na tsaya daga nesa."

Ya juyo gare ni. Ya ce ana share siton ofis, an ba da umarni a sayar da tsofaffin takardu ga masu tsire da masu ƙosai a kan awo. Da ya ga an fito da waɗannan an jibge a ƙasa, sai ya kwashe, ya gaya wa sabon shugaban ofis cewa in laifi ne a rubuta a kansa. Fanshonsa bai fito ba tukuna. Ya kwance tsumman, ya miƙo mini uwar takardar da hannu biyu. Kakin ya bushe ya tsattsage, amma bisimillar na nan, ana ganin haske ta cikinta.

Ba wanda ya ce a kira Malam ya shaida, ran nan ko bayanta da daɗewa. Ɗan Alhaji ya ce Allah ya kyauta, aka koma lissafi.

Na shiga gida na fito da buhunan da na tara, muka ɗora a kan keken. Muka tura shi tare, shi a gaba ni a baya, har bayan Rijiyar Lemo, lokacin duk gonaki ne, inda wani ɗan'uwan matata ke da fili. Na zaɓi gindin wata tsamiya inda ba hanya, ba dabba ke kwana ba. Na ɗauki dagi zan fara, ya karɓe daga hannuna, ya ce wannan aikinsa ne. Ɗan manoma ne, ya iya. Ya cire rigarsa ta ofis ya rataye a reshe, ya yi ta haƙa har ramin ya kai ƙugunsa, bai yarda na taɓa ba. Ni na yi alwala na shiga, yana miƙo mini ƙunshi ɗaya bayan ɗaya ina jerawa. Muka mayar da ƙasa, ya daddanne gefe-gefe da hannu, bai sa ƙafa ba.

Ya zauna a kan tushen tsamiyar yana haki, tafin hannunsa duk ya yi bororo ya fashe. Ya ce, "Malam, saura me?"

Na duba cikin zuciyata da gaske, don ba na so in sake shaidar abin da ban tabbatar ba. Haushin gwamnati na nan, har yau da nake wannan rubutu yana nan, kuma tun daga ran nan ban ƙara jin wata hukuma ta ce za ta je ƙasar wasu ta cire musu shugaba don tausayinsu na gaskata ba. Amma na mutumin da ke zaune a gabana, na nema ban samu ba.

Na ce, "Abu biyu na ce ina bin ka. Ka kawo duka biyun. Ba saura."

Na zuba masa ragowar ruwan butata a hannu ya wanke ciwon.